Haɗa Kayan Giyar Keke Na Kamfanoni Daban-daban: Abin Da Ke Zama Da Wanda Ba Ya Zama

Yawancin kekunan tsauni, VTT ɗin nan da muke hawa a Maradi, gwanjo ne. Sun gama rayuwa guda a Turai kafin su iso mana, kowanne da kayan giyar da mai shi na farko ya bari a jiki: wani Shimano, wani SRAM, wani kuwa tun can an riga an yi masa haɗin gambiza. Ranar da deraye, wato ƙarfen da ke tura sarƙa daga wannan giya zuwa waccan, ya karye ko sarƙa ta gaji, abin da ka tarar a babbar kasuwa shi za ka saya, ko kuma wanda wani ya taho maka da shi daga Katsina ko Kano. Abin da ke rataye a rumfa kuwa yau SunRace ne, gobe Microshift ko L-Twoo, jibi wani mara suna a cikin leda. Saboda haka cakuɗa kayan kamfanoni dole ce a wurinmu, kuma ana yi keke ya yi shekara da shekaru yana tafiya lami lafiya.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, kullum a wuri ɗaya ake asarar kuɗin. A sayi sabon deraye a ɗaura, giya ta ƙi zama, a wuni ana murɗa ƙusoshi, da la'asar a yanke hukunci cewa jabu ne. Alhali sau da yawa kayan lafiyarsa ƙalau. Maɓallin giyar da ke hannunka ne da derayen da ke baya awonsu ya sha bamban, kuma babu saitin da ke gyara wannan. Sarƙa da kaset, wato faya-fayan haƙoran baya, da farantin haƙoran gaba suna haƙuri da juna ko da sunayensu sun bambanta, muddin lissafinsu ya yi daidai. Maɓalli da deraye ne ba sa haƙuri.

Kafin ka taka kasuwa

Kifa keken, ka goge ƙasar da ta daskare a kayan, ka ƙirga faya-fayan haƙoran baya. Ƙirga haƙoran mafi girma da na mafi ƙanƙanta, galibi ma an buga adadin a jikinsu. Sannan ka danna maɓallin dama daga farko har ƙarshe kana ƙirga ƙarar: maɓallin giya 8 yana yin ƙas sau 7, na giya 9 sau 8. Idan adadin maɓalli da na faya-fayai ba su zo ɗaya ba, ka riga ka gano rabin ciwon.

Nemi lambar da ke jikin kowane abu. Shimano na rubuta RD a bayan deraye, SL ko ST a ƙarƙashin maɓalli, CS a kaset, MF a firiwil. SRAM na da, na kekunan tsauni, suna ɗauke da X da lamba: X-3, X-4, X-5, X-7, X-9. Ɗauki hotonsu da salula. Tsohon da ya lalace ma ka sa shi a aljihu ka tafi da shi, kuma ka yi sharaɗi da mai rumfa tun kafin ka miƙa kuɗi cewa in bai zama ba za ka dawo a canja maka.

Abu biyu ka duba kafin ka zargi kowane ƙarfe. Tsaya a bayan keken ka kalli deraye: ƴan tayoyinsa biyu su kasance a miƙe ƙarƙashin faifan da sarƙa ke kai. In sun karkata ciki, kunnen firam ɗin da deraye ke rataye a jiki ne ya lanƙwashe, abin da ke faruwa duk lokacin da keke ya faɗi ta dama ko aka danne shi da kaya a saman mota. Na biyu, kwance wayar giya ka ja ta da hannu. In tana cijewa a cikin rigarta, wato bututun da take bi ta ciki, yashi ne ya shiga. Waɗannan biyun su kaɗai suna sa giya ta yi duk abin da take yi idan kaya ba su dace ba.

Ƙafar baya: firiwil ne ko kaset?

Cire ƙafar baya ka juya faya-fayan baya-baya kana kallon tsakiyarsu, inda ake zura makulli. In wurin makullin yana juyawa tare da su, kaset ne. In yana tsaye su kaɗai ke juyawa, firiwil ne. Firiwil ɗaura shi ake yi a zare, kuma zaren kusan ɗaya ne a ko'ina, don haka na Shimano da na SunRace da na Sin duk suna hawa cibiya guda. Yawancinsu giya 6 ko 7 ne, haƙora 14 zuwa 28 ko 14 zuwa 34. Ana samun mai giya 8, amma ban ba da shawararsa ga mai goyon mutum ko ɗaukar buhu a baya ba. A cibiyar firiwil ƙwallayen da ƙafa ke juyawa a kansu, na gefen dama, suna can ciki nesa da firam, sandar tsakiya ta yi tsawo babu madogara, ƙarin faɗi kuma yana ƙara mata saurin lanƙwashewa ko karyewa.

Kaset kuwa zura shi ake yi a kan ganga mai tsaga-tsaga, a kulle da zobe. Gangar da za ka fi cin karo da ita ita ce HG ta Shimano, mai tsaga 9, ɗaya ta fi sauran faɗi. Ita ce ta zama gidan kowa: kaset ɗin giya 8, 9 da 10 na Shimano, SRAM, SunRace da Microshift duk suna zama a kanta, haka na giya 11 na keken tsauni mai farawa da haƙora 11. Na giya 7 ya fi gajarta, sai an sa masa zoben cike gurbi na milimita 4.5 a baya kafin ya ɗauru a gangar giya 8. Akasin haka ba ya yiwuwa, tsohuwar gangar giya 7 ba ta ɗaukar kaset mai 8 cikakke.

Akwai wasu ganguna biyu da suka fara bayyana a gwanjo masu tsada. XD ta SRAM ce, ta fito a 2012. Micro Spline ta Shimano ce, ta fito a 2018 tare da giya 12. An yi su ne don faifai mai haƙora 10, wanda ya yi wa HG ƙanƙanta. Kowace da kaset ɗinta, ba sa musaya. In kana son giya 12 a kan HG, akwai kaset ɗin SRAM NX da SX da na SunRace masu farawa da haƙora 11.

In ƙafar gaba ɗaya za ka sauya, auna tazarar bakin firam: milimita 135 ce a yawancin VTT masu sanda siririya, sababbi kuma 142 ko 148 da sanda mai kauri. Firam ɗin alminiyam kada ka buɗa shi da ƙarfi don ƙafa ta shiga.

Wajen kwance kaset, a daina sa guduma da kurfi a zoben. Makullinsa ba shi da tsada, abin riƙe faya-fayan kuwa mai walda zai yi maka da guntun tsohuwar sarƙa da ƙarfe mai faɗi.

Maɓalli da deraye

Nan ne ya kamata ka zauna ka fahimta sosai. Deraye bai san ƙirga ba. Maɓalli ne ke jan waya gwargwadon wani awo a kowane dannawa, shi kuma deraye ya mayar da wannan jan zuwa gusawa gefe. Dole gusawar ta zo daidai da tazarar da ke tsakanin faifai da faifai. Tazarar nan Shimano da SRAM sun yi tarayya a kanta: milimita 5 a giya 7, 4.8 a giya 8, wajen 4.35 a giya 9, 3.95 a giya 10. Shi ya sa kaset ɗinsu ke musaya. Inda suka rabu shi ne hanyar kaiwa ga wannan tazara.

Derayen Shimano na giya 6 zuwa 9, in an ja masa waya milimita 1, yana gusawa wajen 1.7. A kwali ana rubuta masa 2:1. Na SRAM mai X, wanda ake rubuta wa 1:1, yana gusawa wajen 1.1 ne kawai. Ɗauki giya 8. Maɓallin Shimano na jan milimita 2.8, ka ninka da 1.7, ka samu kusan 4.8. Maɓallin SRAM na jan 4.3, ka ninka da 1.1, nan ma ka samu kusan haka. Yanzu cakuɗa su. Maɓallin SRAM da derayen Shimano: 4.3 sau 1.7 ya haura milimita 7, wato kowane dannawa faifai ɗaya da rabi. Maɓallin Shimano da derayen SRAM: 2.8 sau 1.1 bai wuce 3 da kaɗan ba, sarƙa ba ta kai faifai na gaba ba, sai ta tsaya tsakani tana ƙara. Tamkar ka karɓi gero da babbar tiya ne ka je biya da ƙarama, kowane awo giɓin ƙaruwa yake.

Na ga wani dattijon mai gyara, a rumfarsa ƙarƙashin dogon yaro, yana warware wannan da rula kawai. Wani saurayi ne ya turo keke mai maɓalli wanda rubutunsa ya goge, da sabon derayen Tourney a baya. Ya ce, “Baba, ko jabu suka ba ni? Tun safe nake fama.” Dattijon bai taɓa ƙusa ko ɗaya ba. Ya kwance wayar daga deraye, ya mayar da maɓalli giyar ƙarshe, ya ja wayar ta miƙe, ya naɗa ɗan salatif a daidai inda take fitowa daga riga. Ya danna maɓallin har ƙarshe yana riƙe da bakin wayar, sannan ya auna yadda ta shige. Santimita 3. Ya ce, “Ɗana, derayenka lafiya lau. Maɓallin ne ba ɗan gidansu ba. Koma ka ce a ba ka na Shimano, ko ka mayar da wannan ka nemo mai X.”

Wannan gwaji ka riƙe shi, don yana aiki a kan kowane maɓalli mara suna. A giya 7 zuwa 9, mai awon Shimano na jan waya wajen santimita 2 daga farko zuwa ƙarshe, mai awon SRAM kuma wajen 3. Bambancin a fili yake, ba ya buƙatar ido mai kaifi. Tun da salatif ɗin zai shige cikin riga, za ka iya yin alamar a wurin da waya ke tafiya tsirara a jikin firam, ka auna gusawarta daga can.

Ga yadda dangogin suke. A giya 6 zuwa 9 na Shimano, kusan kowane deraye na aiki da kowane maɓalli: Tourney, Altus, Acera, Alivio, tsohon Deore, har da na kekunan tsere irin su Sora da Claris. Derayen da aka rubuta wa giya 7 zai yi aiki a tsarin giya 9, in dai hannunsa ya kai. Maɓallan SunRace da tsofaffin Microshift na wannan zango awon Shimano suke bi. SRAM da kansa ya yi wasu maɓallai don derayen Shimano, irin su MRX, Attack da Rocket, saboda haka ganin sunan SRAM a maɓallin murɗawa bai isa hujja ba, auna. Microshift Acolyte, Advent da Advent X kuwa awon kansu gare su, sai maɓallinsu. Kamfanonin Sin irin su L-Twoo sukan fitar da kaya iri biyu masu kama da juna, ɗaya 2:1 ɗaya 1:1, sai ka karanta kwali da kyau.

Daga giya 10 labari ya sauya. Shimano ya canja awon kekunan tsauni a 2010, ya sa masa suna Dyna-Sys, wajen 1.2. SRAM na giya 10 yana wajen 1.3. Ba sa aiki da juna, kuma babu wanda ke aiki da derayen giya 9 a cikinsu. A giya 11 da 12 awon kamfanonin biyu ya matso kusa ƙwarai, mahaya da dama suna cakuɗawa giya ta zauna, ko da yake kamfanonin ba su lamunce ba. Sai kuma CUES, da Shimano ya fitar a 2023, wanda ya fara shigowa a sababbin kekuna: giya 9, 10 da 11 nasa duk tazara ɗaya gare su, sarƙar giya 11 suke ci, awon wayarsu daban. Kaset ɗinsa na hawa gangar HG, amma in ka ga CUES ko Linkglide a jiki, maɓalli da deraye da kaset su fito daga wannan gida.

Wani abin da ke ruɗa mutane a gwanjon da suka kwana biyu: akwai derayen Shimano da ake kira Rapid Rise, wanda in an sake masa waya babban faifai yake komawa maimakon ƙarami. Awonsa na gida ne, maɓallin ne kawai zai yi aiki a juye, lambobin su saɓa. Ba lalacewa ya yi ba.

Game da bambancin adadi, maɓallin giya 8 a kan faya-fayai 7 yana tafiya, tun da 4.8 da 5 ba su da nisa. Ka toshe dannawar da ta yi saura da ƙusar iyaka da ke jikin deraye, ka haƙura da ɗan ƙara a gefe. Amma 8 a kan 9 kada ka ɓata lokacinka. Kuskuren kusan rabin milimita ne a kowane taki, kafin ka kai na huɗu sarƙa na tsakanin faya-fayai biyu.

Tsawon hannun deraye

Ko awo ya dace, akwai iyaka biyu. Ta farko, babban faifan da deraye zai iya hawa. Tsofaffi da yawa sun tsaya a haƙora 32 ko 34, wasu 36. In ka sa musu kaset mai 42, ƴar tayar sama za ta riƙa gogar faifan. Ana sayar da ɗan ƙarfen da ke ƙara wa kunne tsawo, yana aiki, sai dai giya kan yi kasala a ƙananan faya-fayai.

Ta biyu, yawan sarƙar da hannun zai iya kwashewa. Lissafinsa: babban faranti a debe ƙarami, babban faifai a debe ƙarami, a haɗa. Mai faranti 42 da 34 da 24 a gaba, kaset 11 zuwa 32 a baya, yana da 18 da 21, wato 39. Wannan sai dogon hannu, wanda Shimano ke rubuta wa SGS. Matsakaici, GS, galibi ba zai kwashe ba, sarƙa za ta yi lako-lako a ƙaramin faranti.

Sarƙa

Nan akwai sauƙi. Tazarar ƙusa da ƙusa a duk sarƙar keke milimita 12.7 ce, faɗi ne ke bambanta. Ta giya 6, 7 da 8 ɗaya ce, wajen milimita 7.1, ta 9 wajen 6.6, ta 10 wajen 6, ta 11 wajen 5.5, ta 12 wajen 5.3. Har zuwa giya 11, KMC, YBN, Shimano, SRAM, wadda ka samu mai kyau ka sa, in dai adadin giyar ya dace. Mai faɗi a kan kaset matsattse tana gogar maƙwabta. Wadda ta fi siranta da taki ɗaya takan yi aiki a baya, amma a tsohon faranti tana iya faɗawa tsakani ta maƙale. Sarƙar kekunan dako marasa giya, wadda ta fi yawa a kasuwa kuma ta fi araha, ta yi kauri, ba ta shiga ko kaɗan. A giya 12 ka bi kamfanin kaset ɗinka, kuma sarƙar Shimano rubutunta waje yake kallo. Mahaɗin sarƙa shi ma na adadin giyarta za ka saya.

Auna tsohuwar kafin ka jefar. Miƙe ta, ka sa rula daga tsakiyar wata ƙusa, ka ƙirga tazara 20. Sabuwa milimita 254 ce. In ta kai 256 lokacin canji ya yi, a giya 11 da 12 ma tun tana haura 255. In ta wuce 257, ka sa a ranka cewa ta riga ta cinye faya-fayan da ka fi hawa, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu da zarar ka taka da ƙarfi. Wannan tsallen ma sau da yawa a kan bambancin kamfani ake ɗora shi, alhali tsufa ne. Sai a sauya su tare.

Gaba

Maɓallin hagu na Shimano da na SRAM a tsarin faranti 3 na keken tsauni suna aiki da derayen gaba na juna. Abin dubawa shi ne kaurin bututun da yake kamawa, milimita 28.6, 31.8 ko 34.9, da kuma ta inda waya ke zuwa, sama ko ƙasa. Na keken tsere ba ya jituwa da maɓallin keken tsauni.

Faranti mai ƙusa 4, wanda tazarar ƙusa da maƙwabciyarta ta kai milimita 73.5, shi ne ake kira 104, kuma na kowane kamfani na hawa. Wasu sababbin Shimano ramukansu ba a jere daidai suke ba, sai nasu. Masu araha kuwa a dunƙule suke da hannun feda, ba sa kwantuwa. Sandar feda mai kusurwa 4 kowa na hawa kanta, tsawonta ne abin lura, don shi ke sa faranti ya daidaita da kaset. Sandunan feda irin Octalink mai tsaga 8 da ISIS mai 10 ba sa musaya. Haka Hollowtech II na Shimano mai milimita 24, da GXP na SRAM mai 24 a dama 22 a hagu, da DUB mai kusan 29: kowane hannun feda da mazauninsa, wato gidan da sandarsa ke juyawa a ciki a jikin firam. Ka tuna zaren mazaunin na gefen dama a juye yake, ana kwance shi ta inda aka saba ɗaurewa.

Abin da zan zaɓa a nan

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga gari zuwa Tibiri ko Jiratawa ko Madarunfa babu tsaunin da ke neman faifai mai haƙora 50. Abin da ke cin kaya yashi ne da ƙurar hunturu. Giya 8 ko 9 mai awon Shimano, kaset 11 zuwa 32 ko 34, ta ishi mai ratsa rairayin gulbi. Sarƙarta ta fi kauri, tazararta ta fi yafe ɗan lanƙwasar kunne da dattin waya, kuma kayanta ne za ka samu in ka lalace a Tasawa ko Gidan Runji. Keke mai giya 11 ko 12 in ya zo maka lafiya ka more shi, amma ranar da kaset ɗinsa ya ƙare, in gangar HG ce, komawa 9 ba faɗuwa ba ce.

In kuwa kana da deraye mai kyau ka rasa maɓallin gidansu, nemi maɓallin babban yatsa mara ƙas-ƙas, wanda ake turawa a hankali har sarƙa ta hau. Tun kafin Shimano ya kawo giya mai ƙirgen taki a 1984 da irinsa ake tafiya. Ba ruwansa da awo, hannunka da kunnenka ne ke saiti. Sharaɗi ɗaya, ya iya jan wayar da ta isa: derayen 1:1 na son wajen santimita 3, wasu ƙanana ba sa kaiwa babban faifai.

Ɗaurawa da saiti

Sabuwar waya da sabuwar riga, kada ka yi rowar wannan. Wayar giya siririya ce, milimita 1.1 ko 1.2, rigarta milimita 4 mai zaruruwan ƙarfe a miƙe. Rigar birki mai milimita 5 a naɗe take, tana matsewa in an ja, sai awon da ka sha wahalar daidaitawa ya ɓace a cikinta. Rigar giya kuma kada a kuskura a sa ta a birki, tana iya fashewa lokacin da ka fi buƙatar tsayawa.

Fara da miƙe kunne. Ɗaura kaset ka ƙulle zoben tamau, ka girgiza faya-fayan ka tabbata ba sa motsi. Ɗaura deraye da alanki mai lamba 5, a hankali, don zaren kunne ba ya jure gardama. Ƙusoshin iyakarsa biyu ne, an rubuta musu H da L. Tun babu waya, murɗa ƙusar H har ƴar tayar sama ta tsaya ƙarƙashin ƙaramin faifai. Tura deraye da hannu zuwa babba, ka murɗa ƙusar L har ya tsaya daidai ƙarƙashinsa ba ya wucewa. Wannan ƙusa ita ce ke hana deraye faɗawa cikin tsinkayen ƙafa, inda yakan karya kansa ya tafi da kunnen firam.

Tsawon sarƙa: naɗa ta a babban faranti da babban faifai ba tare da ta bi ta deraye ba, inda bakunan suka haɗu ka ƙara tazara 2 ka yanke. Mai faranti ɗaya da kaset mai faɗi ya ƙara 4. Kada ka kwaikwayi tsawon tsohuwar in ka sauya girman faifai. Bayan ka zura ta, hau da ita babban faifai ka murɗa ƙusa ta uku, B, har tazarar ƴar tayar sama da haƙoran ta kai milimita 5 zuwa 6.

Yanzu mayar da maɓalli giyar ƙaramin faifai, murɗa maƙogwaron saitin waya, wato ɗan bututu mai zare da ke bakin riga, ciki gaba ɗaya ka dawo da shi zagaye biyu, ja waya da yatsu ba da filaya ba, ka ɗaure ta a tsagar da aka yi mata. Gefen ƙusar da waya ta bi yana sauya awo, don haka duba tsagar da kyau. Juya feda, danna sau ɗaya. In sarƙa ta yi nawar hawa, warware maƙogwaron waje kwata-kwatan zagaye har ta hau. In ta zarce tana gogar faifai na uku, mayar ciki. Bi su ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka. A gaba kuma, bakin deraye ya tsaya milimita 1 zuwa 3 sama da haƙoran babban faranti, a miƙe da shi.

Sannan ka hau ka saurara, don yadda giya ke ƙi yana faɗa maka dalili. In ta zauna a tsakiya amma tana ƙara lalacewa duk yadda ka nufi gefe, kuma kunne a miƙe yake, awo ne bai dace ba, koma kan rula. In tana hawa da kyau tana nawar sauka, waya ce ke cijewa. In tana tsalle a faifai ɗaya ko biyu kawai idan ka taka, sun cinye. In tsallen na zuwa bayan kowane zagayen feda uku ko huɗu, akwai gaɓar da ta ƙage a sarƙa, galibi inda aka haɗa ta. Lanƙwasa wurin gefe da gefe da hannu har ya saki.

Baƙin man mota da ake zuba wa sarƙa yana kama yashi ya zama abin wasa ƙarfe. Ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, juya feda, ka goge na waje da tsumma har sarƙar ta bushe a ido. Bayan kwanaki kaɗan da hawa sabuwar riga za ta zauna a mazauninta, waya ta ɗan saki, giya ta fara nawar hawa. Warware maƙogwaron kwata ko rabin zagaye, ƙusoshin H da L kuma ka bar su yadda suke.